Furen tsauni a labarina: in bar masa ƙarfi na gaske, ko imanin mutane ne kawai?

Mai_Alƙalami

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina neman shawararku kan wani abu da ya tsaya mini a rai kusan wata biyu.

Ina rubuta dogon labari ne a wata ƙirƙirarriyar duniya. Akwai al'ummar da na kira Talmasawa, suna zaune a kwarin da ke gindin wani tsauni mai suna Urram. Can kusa da ƙololuwa, inda itatuwa suka ƙare sai duwatsu da ƙanƙara, akwai wani farin fure da na sa wa suna silmara. Duk wani babban al'amarinsu da shi ake yi. Ba a naɗa sarki sai an ɗora masa shi a ka, ba a binne babban mutum sai an sa masa shi a tafin hannu, in ƙabilu biyu suka yi sulhu da ruwansa ake wanke makamai. Na rubuta cewa yana haske da dare, kuma yana warkar da kowace cuta.

Na ba mutum uku babi shida na farko su karanta. Ba su san juna ba, amma bakinsu ya zo ɗaya: furen bai taɓa su ba. Ɗaya ma cewa ta yi da zan cire shi in sa zobe ko takobi, babu abin da zai canza. Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce, alhali saboda furen nan na fara labarin tun farko.

Shin in bar masa ƙarfinsa na gaske, ko in mayar da shi fure kamar kowanne, imanin Talmasawa ne kaɗai ya ɗaukaka shi? Kuma me ke sa irin wannan abu ya zauna a zuciyar mai karatu?

Gajimare22

Wa alaikumus salam. Anti, ki bar masa ƙarfinsa. Duk wanda ya ɗauki irin wannan labarin abin al'ajabi ya zo nema. In furen ba ya yin komai, me zai kai mutum hawa tsauni cikin ƙanƙara?

Baban_Nana

Wa alaikumus salam 'yata. Ni makaranci ne kawai, ban taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba, amma na daɗe ina karatu. Inda na tsaya a bayaninki shi ne "kowace cuta". Da zarar kin faɗi haka, duk wanda ya mutu a labarin sai na tambaye ki me ya hana a ba shi furen. Uwar jaruma ta kwanta ciwo, ina furen? An sari yarima a fagen fama, ina furen? Haka za ki yi ta ƙirƙiro uzuri babi bayan babi har ki gaji. Ki rage masa aiki. Ya yi abu ɗaya tak, kuma wanda ya nema ya ji a jikinsa.

MalamTsirrai

Ni ilimin tsirrai nake koyarwa, don haka ta wannan ƙofar zan shigo. Malama, kin gaya mana abin da mutane ke yi da furen, amma ba ki gaya mana yadda shi furen yake rayuwa ba. Ina jin a nan ramin yake.

Saman tsauni wuri ne mai tsanani. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Da rana hasken rana na ƙuna domin iskar ta yi siriri, da dare komai ya daskare. Ga iska mai ƙarfi, ga ƙasar 'yar kaɗan ce a tsagin duwatsu. Shi ya sa duk tsiron da ke can yana da wata dabara da ido ke gani. Edelwais na tsaunukan Alps lulluɓe yake da farin gashi kamar auduga, yana kare shi daga ƙunar rana da bushewa. A Himalaya, sama da mita 4,000, akwai Rheum nobile, wanda ke tashi kamar hasumiya har ya kai tsayin mutum. Ya rufe furanninsa da wasu fararen ganye da haske ke ratsawa, sai cikin ya fi waje ɗumi sosai, ƙananan ƙwari su shiga su fake, a nan su yi masa barbara.

Ki zaɓa wa silmara dabararsa. In kin san yadda yake tsira daga sanyi, kin san kamanninsa, kin san lokacin da ake samunsa, har ma kin san yadda za a riƙe shi a hannu.

Batun haske kuma: babu furen da ke haske da kansa a daji, sai dai wasu nau'in naman kaza. Amma a tsaunin Haleakala na Hawai akwai tsiron da ganyensa ke rufe da gashi mai ruwan azurfa. Irin wannan in farin wata ya sauka a kansa, daga nesa sai a rantse wuta aka kunna.

Matafiyi

Abin da Malam ya faɗa na gani da idona. Na taɓa hawa Tsaunin Kenya tare da wata tawaga, ba mu kai can ƙololuwar mai mita 5,199 ba, mun tsaya a ƙasa da ita. Da asuba na fito daga tanti hannuna ba ya ko iya ɗaura igiyar takalmi. Jagoranmu ya kira ni ya nuna mini wani tsiro, irin lobeliya mai girma, ganyensa a jere a zagaye kamar kwano. A tsakiyar akwai ruwa a kwance, samansa ya daskare. Na sa yatsa na fasa ƙanƙarar, siririya ce kamar gilashin agogo, ƙarƙashinta ruwa ne mai ɗan yauƙi. Ya ce ruwan nan ne ke hana tohon da ke ƙasa daskarewa. Wasu kuma da yamma ganyensu ke rufewa su dunƙule, sai rana ta fito su buɗe.

Malama, kin ce da ruwan furen ake wanke makamai. To ga ruwan nan, ba sai an tsinke komai ba. Mutum ya kwana a sama, ya jira asuba, ya fasa ƙanƙarar ya ɗiba kafin rana ta taɓa shi. Mutanen Kikuyu ma suna girmama tsaunin nan a matsayin mazaunin Ngai, abin bautarsu, har a da ƙofar ɗaki wajensa take kallo. Ki duba ko ƙofofin Talmasawa ina suke kallo.

Mai_Alƙalami

Matafiyi, Allah ya saka da alheri. Wallahi ruwan da na rubuta tafasa furen ake yi a tukunya, kuma tun a lokacin raina bai kwanta da shi ba. Wannan ya fi shi nesa ba kusa ba.

UmmuHaidar

Akwai irin furenki da gaske a Indiya, ana ce masa Brahma Kamal. Shi ne furen jihar Uttarakhand, ana kai shi wuraren bauta na Kedarnath da Badrinath. Na karanta cewa dare ɗaya tak yake buɗewa a shekara, kafin gari ya waye ya yi yaushi.

MalamTsirrai

Hajiya, ɗan gyara kaɗan. Tsiro biyu ne ake kira da sunan nan, shi ya sa ake rikita su. Mai buɗewa dare ɗaya ɗin wani ne daban, asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, ana shuka shi a tukwane a gidaje. Na tsaunin, Saussurea obvallata, yana fitowa ne a wajen mita 4,000, lokacin damina, kuma yana daɗewa. Furanninsa ƙanana ne masu duhu, a ɓoye cikin wasu ganye masu laushi kamar takarda. Sauran abin da kika faɗa daidai ne. Abin da zai amfani Malama shi ne, a ƙauyukan yankin ba a tsinko shi sai lokacin bikin abar bautarsu Nanda Devi ya zo, kuma masu hawa ɗebo shi ba takalmi suke tafiya.

UmmuHaidar

Na gode Malam, ashe hoton da na gani na gidan ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ɗalibar_Tarihi

Yaya, tambayar da zan yi miki ita ce: sau nawa silmara ke fure? In kullum yana nan, to kayan ado ne. A kudancin Indiya akwai wani tsiro, neelakurinji, da ke fure sau ɗaya a shekara 12. Ya yi a 2006, ya yi a 2018. In lokacin ya zo sai tuddai su rine shuɗi gaba ɗaya, kuma mutanen Paliyan da furensa suke ƙirga shekarun mutum.

Ki ɗora wannan a kan Talmasawa ki ga abin da zai faru. Kin ce ba a naɗa sarki sai da furen. To sarki ya mutu shekara uku bayan furen ya wuce. Saura shekara tara. Wa zai riƙe ƙasar? Zai yarda ya sauka in lokaci ya yi? Sulhu fa, ƙabilu biyu sun gaji da yaƙi amma ba furen wanke makamai, haka za su zauna kowa hannunsa a kan takobi? Tsoho yana jin mutuwa ta matso, yana roƙon ya kai shekarar fure don kada a binne shi hannu wofi. Budurwa ta ce ita fure biyu gare ta, kakarta fure shida. Wanda ya ce miki a sa zobe, zobe ba ya iya wannan.

Mai_Alƙalami

Ƙanwata, kin tayar mini da tsigar jiki. Mai riƙon ƙwarya da ya ƙi sauka, ai shi ne mugun da ke cikin labarin nawa, kuma har yanzu ban samar masa dalilin da ya kama hankali ba. Ga shi kin miƙo mini.

MalamTsirrai

In za ki bi wannan hanyar, ki san cewa yawancin tsirran da ke jinkirin fure haka, suna yi su mutu. Shi kansa neelakurinji haka yake. A tsaunukan Andes na Peru da Bolibiya akwai Puya raimondii, yakan shafe shekaru gommai yana tara ƙarfi, wani har 80, sannan ya fitar da kara ɗaya dogo da ya fi gidan bene, ɗauke da dubban furanni, ya zubar da iri, ya bushe. 'Ya'yan ba sa taɓa tarar da uwar a raye.

Baban_Nana

To ai ga sunan nan Malam ya ba ki. Silmara ba ya ce mini komai, sauti ne kawai. Amma tsiron da ba ya ganin uwarsa, talakawan kwarin Marainiya za su ce masa. Ki bar silmara a bakin masu tsafin da 'yan fada, tsofaffin mata da makiyaya su ce Marainiya. Abin da mutane ke ƙauna ba ya zama da suna ɗaya.

Mai_Zane

Marainiya! Na riga na fara ganin hoton bangon littafin.

Abu_Sumayya

Ku yi mini afuwa, zan ɗan fita daga layi, kuma da kyakkyawar niyya nake magana. 'Yar'uwa, ina ganin ana ta ƙawata tsafi a nan. Fure da ake bautawa, ruwa da ake nema wa albarka. Yara matasa ne za su karanta. Ba kya tsoron ki sa musu sha'awar abin da bai dace ba?

UmmuHaidar

Malam, damuwarka tana kan hanya, ba zan ce ba ta da tushe ba. Sai dai labari kan kawo ɓarawo da azzalumin sarki, ba a ce marubucin yana koyar da sata ba. Abin dubawa shi ne yadda aka kawo abin. Mutanen da ba su wanzu ba ne, a duniyar da ba ta wanzu ba.

Mai_Alƙalami

Abu_Sumayya, na gode da ka faɗa a fili, kuma na yi wannan tunanin tun kafin in fara. Talmasawa ba furen suke bauta wa ba, shaida suka ɗauke shi, kamar hatimi a kan alkawari. Amma ba zan ɓoye maka ba, wannan na cikin abin da ya sa nake jinkirin ba shi ƙarfin warkarwa. In na rubuta cewa yana warkarwa da gaske, kamar na tsaya a bayan masu tsafin ne na ce gaskiya suka faɗa. In na bar shi fure kawai, labarin ya koma kan mutane da abin da suke yi wa juna da sunan abin da suka girmama. Wannan na biyun ya fi kusa da zuciyata.

Abu_Sumayya

In haka ne na fahimta. Ni dai shawarata ki bar mai karatu ya ga inda imanin nasu ya cutar da su, kada ya ga kyansa kaɗai. Allah ya yi jagora.

Jagoran_Wasa

Bari in kawo abin da ya faru da ni. Ina jagorantar wasan labari da abokai, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ni kuma ina ba da duniyar. Na taɓa saka musu wani ganye mai tsarki a kan dutse, na ɓata dare biyu ina tsara waƙoƙin da ake rera masa. Da suka iso, tambayar farko da ɗaya ya yi ita ce wa ke gadin wurin da dare. Na biyu ya ce a wace kasuwa ake sayensa. Kafin a tashi sun cika buhu sun gangara. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren, amma daga baya na gane sun nuna mini abin da na manta: duk abin da ke da daraja, akwai mai son sace shi, akwai mai saye a ɓoye, akwai mai yin jabunsa. Malama, a Talmas wa ke sayar da Marainiya ta bayan fage? In kin ce babu, ban yarda da ƙasar ba.

Ɗalibar_Tarihi

Tarihi na bayan Jagora. Tsohon birnin Sairin, a gabashin Libiya ta yau, arzikinsa a kan wani tsiro yake mai suna silfiyum. Har a kan kuɗinsu suka buga hotonsa. Ba ya yarda a noma shi, a daji kawai yake fitowa, a wani ɗan yanki. Aka yi ta tona, dabbobi suka yi ta ci, har a ƙarni na farko marubucin Rum Pliny ya rubuta cewa kara ɗaya aka samu a zamaninsa, aka aika wa Nero, sarkin Rum. Yau ba wanda zai nuna maka shi ya ce tabbas ga shi.

Edelwais ma sai da masu yawon buɗe ido suka kusa ƙarar da shi a wasu wurare, har yankin Obwalden na Suwizalan ya hana tono shi a 1878.

MalamTsirrai

Akwai wanda ya fi wannan kusa da labarinki. A 2005 wasu masu bincike biyu, Wayne Law da Jan Salick, suka fitar da nazari kan wani furen ƙanƙara na yankin Tibet da Yunnan da ake tsinka don magani. Masu tsinka manya suke zaɓa, tun kafin su zubar da iri, sai ƙanana ke saura su hayayyafa. Da aka gwada da busassun samfura na shekara ɗari baya, sai aka ga tsiron ya rage tsayi da kusan santimita 10. Amma a gefen Khawa Karpo, tsaunin da mutanen wurin ke tsarkakewa, inda ba a cika tsinka ba, tsirran sun fi tsayi.

Ki lura da abin da wannan ke ba ki. Kambin sarakunan Talmas na dā, in an adana su, furensu zai fi na yanzu girma. Tsohuwa za ta iya cewa a zamaninta Marainiya ta kai tafin hannu, yanzu ba ta fi babban yatsa ba. Masu tsafi za su ce zunubin mutane ne. Makiyayi da ke kwana a tsaunin ya san hannun masu tsinka ne.

Gajimare22

Ni fa ban gane ba. An tambayi abin sihiri, kun mayar da shi darasin aji. Anti, in kika bi su, littafinki zai zama na rikicin sarauta da ɗan fure a gefe. Ni ina son in ga an ɗora wa matacce furen ya buɗe ido ya faɗi kalma ɗaya. Wannan ne ba zan manta ba.

Baban_Nana

Yaro, kada ka ga kamar an yi watsi da kai. Abin da ka faɗa yanzu shi ne irin abu ɗaya tak da na ce. Kalma ɗaya, sau ɗaya, daga bakin mamaci. Wannan ba ya hana kowa mutuwa, ba ya rushe labari, kuma za a iya yin yaƙi a kan wa zai tsaya kusa ya ji kalmar. Ni ban ƙi wannan ba ko kaɗan.

Matafiyi

Akwai hanya ta tsakiya. A wajen mita 5,500 iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce. Ni a ƙasa da haka ma kaina ya yi ta sarawa, barci ya gagara, kuma a dare na biyu na ji kamar wani na tafiya a bayana, na waiga sau uku ba kowa. Masu hawa manyan tsaunuka sun sha ba da irin wannan labarin. To a ce mai ɗebo furen ya yi kwana uku bai ci ba, ba takalmi, shi kaɗai. Duk abin da ya ce ya gani, shi a wurinsa gaskiya ne. Ki rubuta abin da ya gani dalla-dalla, kada ki ce daga ina ya zo. Gajimare ya samu abin al'ajabinsa, Malam ya samu iliminsa.

Jagoran_Wasa

Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Mai karatu zai iya zama cikin shakka, amma marubuciya dole ta san amsar a ranta ko ba ta faɗa ba. In ita ma ba ta sani ba, za a gani, domin babi na 4 zai ce wani abu, babi na 20 ya ce wani. Malama, ki yanke, ki rubuta a takarda ki ɓoye, sannan ki yi wasa da mu yadda kike so.

Ɗalibar_Tarihi

Wani abu ya faɗo mini kan maganar jabu. Mutanen Indiya na dā suna da wani tsiron tsauni, soma, da suke matse ruwansa a ibadarsu, sun yi masa waƙoƙi masu yawa. Daga baya aka koma amfani da wasu tsirrai a madadinsa, har yau masana na gardamar wane tsiro ne na asalin. Ibadar ta ci gaba, tsiron ya ɓace daga cikinta.

Yaya, a ce Marainiya ta daina fure tun zagaye biyu da suka wuce. Masu ɗebowa su kaɗai suka sani. Suna kawo wani farin fure mai kama da ita daga wani kwazazzabo. Sarki biyu aka naɗa da shi, sulhu uku aka ƙulla, kuma duk sun riƙe. Ranar da jarumarki ta hau ta gano, me za ta yi da wannan sanin?

UmmuHaidar

Wannan ya taɓa ni, bari in faɗi dalili. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta bar wani fure a tsakiyar littafinta. Bayan rasuwarta na buɗe na gan shi, ya bushe ya zama ruwan ƙasa, ya yi laushi har ana ganin rubutun shafin ta cikinsa, ya bar tabonsa a shafi biyu. Ba ƙamshi ko kaɗan. Ban san sunansa ba, ban san wa ya ba ta ba, ban san ranar ba. Shekara 11 ke nan ban bar kowa ya taɓa shafin ba. Da wani zai zo ya ce mini ciyawar bakin hanya ce, ba abin da zai ragu.

Don haka ni a ganina ko jabu ne furen, hannun mamacin da aka sa wa ba wofi ya tafi ba. Ki tuna da wannan in kin zo rubuta masu ɗebowar, kada ki mayar da su maƙaryata kawai. Wataƙila tausayi ne ya hana su faɗa.

Abu_Sumayya

Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Amma Hajiya, ƙarya ƙarya ce ko da tausayi aka yi ta, kuma mai riƙon ƙwaryar nan zai iya kama su da ita ya juya su yadda yake so. Nan ne cutarwar da na ce a nuna.

Mai_Alƙalami

Amin, Allah ya gafarta mata. Jiya ban yi barci ba sai da na sake rubuta farkon babi na uku. Ga ɗan yanki, ku faɗa mini gaskiya:

"Inna Sarai ta kwance ƙullin a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. A ciki akwai Marainiya guda, ta bushe, gashinta na azurfa ya kwanta gefe ɗaya. Ta ce tun furen da ya wuce ta ɓoye ta, shekara tara ke nan, domin ta san ba za ta ga na gaba ba. Dalha ta karɓa, ta juya ta a hasken fitila, ta ƙirga ganyen da ke rufe da furen. Shida. A jikin tsohon kambin da ke fada, wanda take sharewa kowace safiya, bakwai ne."

Ban yanke ba tukuna ko mamaci zai yi magana. Takardar da Jagora ya ce in rubuta tana gabana, ba komai a kanta.

Gajimare22

Anti, ya yi magana. Amma da mai ganye bakwai ɗin kaɗai. Shi ya sa shekara 24 ba wanda ya ji kalma, suna cewa matattun ne suka yi fushi.

Baban_Nana

Ni kuma da za ki bar Inna Sarai ta yi magana da mai shidan a hannunta, da na fi jin daɗi, ko da Dalha ce kaɗai ta ji.

MalamTsirrai

Yankin ya yi kyau. Abu ɗaya: fure mai gashi in ya shekara tara a ƙulli, gashin kan kakkarye ya zube, sai dai in an matse shi tsakanin abu biyu masu faɗi, a wuri marar laima. Ki ba Inna Sarai 'yan allunan itace biyu ta ɗaure da zare. Kuma adadin irin waɗannan ganyen yakan bambanta ko a tsiro iri ɗaya, don haka shida da bakwai zai sa Dalha zargi ne kawai, ba zai zama hujja ba. Sai ta hau da kanta.

Mai_Zane

Malam, in an matse shi haka, ruwan azurfar zai tsaya ko zai koma ruwan ƙasa kamar na mahaifiyar Hajiya? Ina so in san kalar da zan haɗa kafin in fara.

MalamTsirrai

Gashin kan riƙe farinsa, domin ba rini ba ne, iska ce a cikinsa ke mayar da haske. Abin da ke ƙarƙashin gashin ne zai yi duhu. Ki haɗa kala biyu.